Rashin lafiyar yara: wanda ake jinya a gida da wanda ba ya jiran gari ya waye

Babu gidan da ake renon yara da ba a taɓa kwana a zaune ba saboda zazzaɓi ko gudawa ko tari. Yaro ƙarami yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, kuma yawancin irin wannan laulayi yana wucewa da kansa muddin ana kula da cinsa da shansa. Sai dai manyan cututtukan da suka fi kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasashenmu, wato zazzaɓin cizon sauro da ciwon huhu da gudawa, su ma da irin wannan fuska suke sallama. Ranar farko ba su da bambanci da laulayin da aka saba gani.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya zarce haka. Abin takaicin shi ne maganin waɗannan cututtuka sananne ne, mai araha ne, wani ma kyauta ake ba da shi. Bayan ikon Allah, abin da ya fi raba yaron da ya tashi da wanda bai tashi ba shi ne lokacin da aka kai shi asibiti. Saboda haka ba a neman iyaye su zama likitoci. Abin da ake so su iya shi ne rarrabewa: wannan a lallaɓa shi a gida, wannan kuwa a saɓa shi a kafaɗa yanzu.

Alamomin da ba a jira da su

Ma'aikatan lafiya suna da wasu alamomi da suke dubawa kafin komai, ko da wane irin ciwo aka zo. Duk yaron da aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, asibiti ya kama shi a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne:

Ya kasa kama nono ko shan ruwa. Yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa. Ya yi jijjiga ko ya shiɗe. Ya yi laushi, barci ya yi masa nauyi, ana tashinsa da ƙyar. Yana numfashi da wahala, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki idan ya ja iska. Wuyansa ya sanƙare. Tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari fat. Ƙafafunsa biyu sun kumbura. Akwai jini a bayan gidansa.

Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa hukuncinsa daban ne. Da zarar jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi fiye da kima, ko ya rage tsotso, ba a gwada masa komai a gida, domin garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, cuta tana iya cin ƙarfinsa cikin 'yan sa'o'i.

Zazzaɓi

Jiki yakan ɗaga zafinsa ne don ya yaƙi ƙwayar cutar da ta shige shi, don haka zazzaɓi yana iya fitowa daga wurare da yawa: jini, kunne, maƙogwaro, huhu, ko mafitsara. Ana kiran zafin jiki zazzaɓi idan ma'auni ya nuna 37.5 ko sama a hamata. Ma'aunin zafin jiki ya fi bayan hannu faɗin gaskiya.

A yankinmu, abin da ake fara zargi shi ne cizon sauro, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, Nijar ma tana cikin ƙasashen da abin ya fi tsanani. Amma zargi ba tabbas ba ne. Akwai gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna cutar, ana ba da maganin da ake kira ACT, wanda nau'insa mafi yaɗuwa ake sha sau biyu a rana har kwana uku, sha shida ke nan. A haɗa shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo don jiki ya fi karɓarsa. Idan yaro ya amayar da shi kafin rabin sa'a, a sake ba shi. Kada a tsaya a kwana na biyu don an ga ya tashi yana wasa, saboda ragowar ƙwayoyin cutar za su sake yaɗuwa. Kulorokwin da iyaye da kakanni suka saba da shi ya daina aiki, shi ya sa Nijeriya ta sauya shi tun 2005. Idan kuwa gwaji bai nuna cizon sauro ba, sai ma'aikacin lafiya ya nemi tushen zazzaɓin a wani wuri.

Kulawar gida ba ta da wuya. A rage masa tufafi, a ƙara masa nono da ruwa da kunu, a goge masa jiki da tsumma da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da ruwan ƙanƙara. Farasitamol ana ba da shi ne gwargwadon nauyin yaro, kuma kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Magungunan mura na ruwa da yawa akwai farasitamol a cikinsu, idan an haɗa biyun sai yaro ya sha ninki, abin da ke lalata hanta. Asfirin ba na yara ba ne. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ana shan magani bai sauka ba, a koma asibiti.

Ta fuskar kariya, gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa. Sannan akwai maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a lokacin damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Ma'aikaci yana ba da shan farko a gabansa, ya bar wa uwa na kwana na biyu da na uku, kuma sai an cika ukun kariyar take kamawa. Allurar rigakafin cizon sauro ma ta iso: Kamaru ta sa ta cikin tsarinta a farkon 2024, Nijar ta bi baya a shekarar, Nijeriya ta fara a watan Disamba na 2024 da jihohin Kebbi da Bayelsa. Allurar tana rage haɗari, amma ba ta ɗauke wa kowa rataya gidan sauro ba.

Idan yaro ya yi jijjiga

Babu abin da ke ruɗa gida kamar a ga yaro ya sanƙare, ido ya kakkafe, yana taune-taune. Tsakanin wata 6 da shekara 5, zafin jiki kaɗai yana iya jawo haka, kuma yawanci yana lafawa kafin minti biyar ba tare da ya bar illa ba. To amma a ƙasashenmu jijjiga tana iya zama alamar cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, don haka kowace jijjiga sai likita ya gani, ko da yaro ya farfaɗo.

A wannan lokaci na firgita ne ake yi wa yara illa mafi yawa da sunan taimako. A kwantar da yaro a gefensa don miyau da amai su zubo waje, a kawar da abin da zai buge, a sassauta masa riga. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, domin ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne yake karya haƙori ya yaga dasashi. Kada a ɗura masa ruwa ko manja ko jiƙo, saboda wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhu yake wucewa. Kada a turara masa hayaƙi, kada a kara ƙafarsa a wuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Addu'a kuwa a yi ta yi, ana tafe a hanyar asibiti.

Gudawa

Yaro yana gudawa idan ya yi bayan gida ruwa-ruwa sau uku ko fiye a yini. Ana yawan cewa haƙori ne, a zuba ido. Gaskiyar maganar ita ce lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro yake fara rarrafe, yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi abinci da ruwa. Ƙazantar da ke shiga cikinsa ce take kawo gudawar. Abin da ke kisa kuma shi ne ƙarewar ruwan jiki, wanda a ƙaramin yaro yake iya faruwa cikin yini guda.

Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake kira ORS. Sukarin da ke ciki shi ne yake taimaka wa hanji ya ja gishiri da ruwa zuwa cikin jini, shi ya sa ya fi ruwa tsura aiki. A duba ledar a ga yawan ruwan da aka rubuta, yawanci lita ɗaya ce, wato ledar fiyawota biyu. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda. A riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Idan ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Inda babu na leda, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tsoro ba, cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, kafin a samo na kemis.

Abokin tafiyarsa shi ne ƙwayar zinc: guda ɗaya mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabi ga jaririn da bai kai wata shida ba. Tana rage tsawon gudawar, tana kuma kare yaro daga maimaituwarta na 'yan watanni. Kada a yanke nono, kada a hana abinci. Lemon kwalba yana ƙara tsinka ciki. Kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba su da amfani a yawancin gudawar yara, sai in akwai jini, kuma likita ne zai rubuta.

Idan ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke, ko aka ja fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jiki ya yi ƙasa sosai. Faɗawar maɗiga ba ta bukatar shafe-shafe a ka, ruwa take nema, wani lokaci ma sai an yi ƙarin ruwa ta jijiya. Gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, musamman lokacin da kwalara ta ɓulla a gari, ita ma ta gaggawa ce. Wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki da kafin a ba shi abinci, da zuba kashin yara a masai, suna toshe babbar hanyar cutar.

Tari da numfashi

Da hunturu ya kama, ƙura da sanyi da cunkoson ɗaki sukan sa kusan kowane yaro tari da majina. Mafi yawansu mura ce, tana tafiya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin sha mai ɗumi, share hanci, da ƙaramin cokali na zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya sun wadatar.

Abin tsoro shi ne ciwon huhu, wanda ake kira nimoniya, kuma uwa tana iya gane shi da idonta. Lokacin da yaro yake kwance shiru, a ɗaga rigarsa a ƙirga sau nawa ƙirjinsa yake ɗagawa cikin minti ɗaya cur. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wannan yaro yana bukatar ganin ma'aikacin lafiya a ranar, kuma sau da yawa ƙwayar amoksisilin da ake narkawa a ruwa ta isa ta warkar da shi. Idan haƙarƙari yana lotsawa, ko yana nishi, ko leɓensa ya sauya launi, ƙila sai an sa masa iskar oksijin.

Hayaƙin itace da gawayi yana raunana huhun yara, don haka uwa ta guji girki a rufaffen wuri da goyo a bayanta. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman in yaro yana ramewa ko akwai babba mai tsohon tari a gidan, a je a yi gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Cire belu ba ya maganin tari ko amai. Belu halitta ce da kowa yake da ita, yanke ta kuma yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ta aska.

Jariri sabon haihuwa

Kwana 28 na farko su ne mafi haɗari a rayuwar yaro. A sa shi a nono cikin sa'ar farko. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko, cike yake da abubuwan da ke kare hanjinsa. Daga nan nono zalla har wata shida, ko ruwa ba ya bukata ko da a tsakiyar bazara, domin mafi yawan nono ruwa ne. Zuma ba ta dace da wanda bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba.

Cibiya ƙofa ce a buɗe zuwa jinin jariri. Toka, man goge baki, gishiri ko gashi da tsumma mara tsabta suna iya shigar da cutar tetanus ko wata ƙwayar da ke ruɓar da jini. Akwai man shafawa na musamman mai suna kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti don cibiya. Idan gindinta ya yi ja, ko tana ruwa mai wari, a kai shi.

Shawara, wato ido da fata su yi rawaya, takan bayyana ga jarirai da yawa a kwana na biyu zuwa na huɗu. Wadda ta fito a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko ta zo da ƙin tsotso, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har abada. Shanya jariri a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba sa maganinta. A asibiti akwai fitila ta musamman da ake sa shi a ƙarƙashinta. Kuma a raba kayan jariri da kafur ɗin da ake sawa a akwati, domin yana farfasa jinin wasu jarirai ya haddasa shawara mai tsanani.

Cututtukan da allura ke tarewa

Ƙyanda, baƙon dauro, takan zo da zafin bazara: zazzaɓi, jan ido, tari, sannan ƙuraje daga fuska su gangaro jiki. Ɓoye yaro a ɗaki da hana shi ruwa da abinci mai kyau yana ƙara masa rauni. Ƙyanda tana iya barin makanta, ciwon huhu da tamowa, shi ya sa ake ba mai ita sinadarin bitamin A a asibiti. Sanƙarau ma na lokacin zafi ne, kuma arewacin Nijeriya da Nijar da Chadi da Sudan duk suna cikin zirin da ya fi addaba. A jariri ba lallai a ga sanƙarewar wuya ba, sai dai maɗiga ta kumburo, da kuka mara daɗin ji. Mashaƙo, wanda mutane da yawa suka ɗauka ya zama tarihi, ya dawo da ƙarfi daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba.

Jadawalin Nijeriya a taƙaice shi ne: ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15 don allurar ƙyanda ta biyu. Tun 2022 an ƙara ɗigon da ke kare yara daga ƙwayar rota mai haddasa gudawa. Duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Wanda ya tsallake wata allura ba sai ya koma farko ba, daga inda ya tsaya za a ɗora. Amfanin wannan aiki a bayyane yake: a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016.

Tamowa da sikila

Tamowa ita ce take mayar da ƙaramin ciwo babba. Yawanci tana farawa bayan wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, aka kuma bar yaro da koko tsararo. Kunun yaro ya yi kauri, a sa masa gyaɗa ko waken soya ko garin kifi, a ƙara ƙwai, wake, zogale, kabewa da ɗan manja, a kuma zuba masa nasa kwano daban don kada manya su cinye. A asibiti ana auna damtsen yaro da wani zare mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowar ta yi tsanani, akwai kuma abinci na musamman na gyaɗa da madara da ake bayarwa, wanda magani ne na wannan yaron kaɗai. Yaro mai tamowa da ya yi gyambo a dasashi da warin baki a hanzarta da shi, domin haka ciwon noma yake farawa, mai cinye kunci da leɓe cikin kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominsa a Sakkwato.

Jaririn da bayan hannunsa da ƙafarsa suke kumbura yana kuka, ko yaron da yake yawan ciwon gaɓoɓi da rawayar ido, a gwada jininsa don sikila. Idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Mai sikila yana bukatar ruwa da yawa, kariya daga sanyi da sauro, kuma kowane zazzaɓi a wurinsa na asibiti ne.

Haɗurran cikin gida

Ƙuna ta fi yawa da hunturu, lokacin kaskon wuta a ɗaki da tafasasshen ruwan wanka a tsakar gida. Taimakon farko ɗaya ne: a riƙa kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a wurin har minti 20, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri, ƙullu da baƙin mai duk suna shigar da ƙazanta. Kada a fasa bororo. Ƙunar fuska, hannu, al'aura, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, ta asibiti ce.

Kananzir da fetur da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo suna yaudarar yaro mai ƙishi. Idan ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin amai yana tura kananzir cikin huhu. A tafi da shi tare da robar abin da ya sha. Shinkafar ɓera, maganin feshin gona da ƙwayoyin manya a ajiye su a sama a kulle. Gubar dalma ma ta taɓa yi mana mummunan ta'adi: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Irin wannan aiki a nisanta shi daga inda yara suke, kuma a sani wani kwallin dutse da ake sa wa jarirai yana ɗauke da dalma.

Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a bokiti ko baho, ba tare da ko ihu ba. A rufe rijiya da randa, a kifar da bokiti, a hana yara wanka a kududdufi da damina, wanda ban da nutsewa yana sa tsargiya. Gyaɗa, tsaba da kwabo suna maƙalewa a maƙogwaron 'yan ƙasa da shekara uku. Idan yaro yana tari da ƙarfi a bar shi ya fitar. Idan ya kasa kuka da numfashi, a kifa shi a kan hannu ko cinya, kai ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau biyar.

Cizon kare a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a je a karɓi allurar haukan kare a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana babu magani. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron zuwa inda ake da maganin dafi, irin asibitin Kaltungo a jihar Gombe. Karaya kuwa a fara ɗaukar hoto, domin ɗaurin karare da ya matse yana tsayar da jini, kuma yara da dama sun rasa hannu ta wannan hanya. Yaron da ya faɗo ya bugu a ka, ya shiga amai ko magagi, a kai shi ko da babu rauni a waje. Haɓo kuma, a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancinsa minti goma.

Magani da kemis

Maganin da ya warkar da ɗan maƙwabciya ba lallai ya dace da naki ba, kuma ƙwayar babba da aka raba biyu ba ta zama ta yaro ba. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji na talla da rana ta gasa a faranti. Tsakanin 2008 da 2009, yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan shan wani maganin haƙori na ruwa da ya gurɓata da sinadari mai kashe ƙoda. Fitar haƙori ba ta bukatar magani. Haka kuma allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba, ga yaron da yake iya haɗiya.

Kalma ga maigida

Sau da yawa uwa ce take fara ganin alamar haɗari, amma sai ta zauna jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko gona kafin ta fita, ko kuma babu kuɗin mota a hannunta. Waɗannan sa'o'i na jira su ne cutar take cin moriya. Maigida, ka ba iyalinka izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da sauran manyan gida, cewa duk lokacin da aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan a fita da yaro ba sai an neme ka ba. Ka ware ɗan abin da ba a taɓawa don kuɗin mota da kati, ka ajiye lambar mai babur ko mai mota da zai amsa kira da dare, ka san asibiti mafi kusa da yake aiki dare da rana. Uwargida kuma ki tanadi ledar ORS, zinc, farasitamol da ma'aunin zafi a wuri guda, ki adana katin rigakafi, ki duba ranar allura ta gaba. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.